Ni Za A Koya Wa Ranar Yanka?

A duk unguwarmu ta Baní, in ana neman mutumin da ya san komai, to Radhamés Ogando ne, in dai shi aka tambaya. Mai aski ne. Shekararsa goma sha tara yana aski a ɗan shagon da ke kwanar layi, tsakanin kantin Don Sixto da rumfar 'yan acaɓa. Karatunsa bai wuce aji uku na sakandare ba, amma da hannunsa ya rubuta "Lisensiyado" a gilashin ƙofa, laƙabin da ake kiran masu digiri da shi, wai ai digirin duniya ya fi na takarda. Duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya tashi da aski ɗaya da lacca uku, ɗaya kan besbol, ɗaya kan siyasa, ɗaya kan yadda ake zama attajiri. Mutane suna haƙuri da shi ne saboda reza tana hannunsa.

Ranar wata Litinin da hantsi, Doña Fidelina, tsohuwar da ta mallaki shagon, ta shigo da laimarta a hannu. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

Ta ce, "Radhamés, 'yata ta gama min takardu, Boston zan koma. Zan sayar da shagon nan. Nicanor mai gidan caca ya taya, kuma kuɗinsa a hannu suke. Amma kai ka yi wa marigayi mijina askinsa na ƙarshe, shi ya sa na ba ka zuwa ƙarshen wata. In ka kawo, naka ne. In ba ka kawo ba, ka kwashe madubinka."

Radhamés ya karkaɗe tawul ya ce, "Doña, ƙarshen wata ai ya yi nisa. Ki je ki fara haɗa akwatinki kawai."

Alhali kuwa ban da shagon nan ba shi da ko kejin kaza a duniya. Washegari ya sa farar riga ya nufi ƙungiyar lamuni, wurin Don Plinio mai kula da rance. Shi Don Plinio mutum ne mai ji da sumarsa, kullum tana shan mai tana ƙyalli, ko iska ba ya bari ta taɓa ta. Ya danna kwamfuta ya duba makin Radhamés, wato lambar nan da ofishin tarihin bashi ke ba kowa gwargwadon yadda yake riƙe da bashinsa.

Ya ce, "Ɗari shida da tamanin da biyu. Mu kuwa sai ɗari bakwai muke ba da rancen sayen shago. Saura kaɗan. Ranar ashirin ga wata zan sake dubawa. Shawarata ita ce, katin bashin nan naka..."

Radhamés ya ɗaga masa hannu. "Don Plinio, ajiye shawararka ka ba mabuƙata. Maki goma sha takwas? Ko da atishawa na samo su."

Da ya koma gida ya tarar da matarsa Yuderka tana tuƙa alawar madara, wadda take ƙullawa tana kaiwa kantuna. Mace ce marar yawan magana, abin da ya sa mijin ya ɗauka ba ta san komai ba. Ta saurari labarin har ƙarshe, muciya na hannunta.

Ta ce, "Abin ai mai sauƙi ne. Sau ɗaya a wata banki yake ɗaukar hoton katinka, ranar yanka. Abin da ya gani a kan katin a ranar, shi yake aika wa masu ba da maki. Taka sha biyu ga wata ce, ga ta nan a rubuce a takardar. Ka biya ɗan abin da ke kai ranar goma, kada ka sake taɓa katin, hoton ya fito fes."

Radhamés ya yi dariya har da riƙe ƙugu. "Ni za a koya wa yanka? Ni? Shekara goma sha tara ina yanka, mace! Takardar wuta ma ai 'ranar yanka' suke rubutawa a jiki. Sau nawa muka wuce ranar da kwana uku, da mako guda? Wa ya taɓa hawa falwaya ya yanke mana? Barazana ce ta tsorata matsorata. Ranar biya ta gaskiya ga ta nan a ƙasa, biyu ga watan gobe."

"Wannan yankan daban ne, Radhamés. Ba katin suke yankewa ba, lissafin watan suke rufewa."

"Yanka yanka ne. Ke da katinki na sayen gishiri da ashana, me kika sani game da banki? Banki ba ya ganin girman mai kashe kuɗin gishiri. Cika katin ake yi har wuya, su gani su tsorata, su ce kai, wane ne wannan? Sannan ka zube musu kuɗinsu gaba ɗaya. A nan ne maki yake tashi sama kamar farashin shinkafa."

Yuderka ta ce, "To," ta ci gaba da tuƙinta.

Matakin farko, a cewarsa, shi ne samun mai gadin maki, wato manhajar da ke sa ido a kan makinka ta sanar da kai in ya motsa. Ya zauna a shago ranar biyar ga wata yana zaɓe a waya, 'yan acaɓa sun kewaye shi. Chelo, wanda ya fi su baki, ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Lisensiyado, ga wata nan kyauta ce. Ita matarka take amfani da ita."

"Kyauta? Kompai, abokina, wa ya taɓa ganin mai gadin kirki a kyauta? Mai gadin kyauta barci yake yi."

Ya wuce ta kyauta, ya wuce ta peso ɗari biyu, sai da ya kai kan wata mai suna Idon Mikiya. Tana da tsari uku, na Tagulla, na Azurfa da na Zinariya. Lambar da duka ukun ke nunawa ɗaya ce, kuma ita ce dai lambar da ta kyauta ke nunawa. Sai dai a tsarin Zinariya akwai muryar wata mace mai zaƙi da ke kiran sunanka tana karanta maka makin, bayan an busa ƙaho.

Chelo ya ce, "Nawa ne wannan?"

"Kwana bakwai na farko ko sisi ba sa karɓa. Ka ga ni na cuce su."

"Akwai wani ɗan rubutu a ƙasa fa, Lisensiyado."

"Ƙananan rubutu na ƙananan mutane ne."

Ya zuba lambar katinsa ya danna. Ya haɗa wayar da babbar sifikar shago, wadda ya saba cika layin da kiɗan bacata da ita. Ƙaho ya busa, muryar ta ce, "Barka da rana, mai girma Radhamés Ogando. Makinka ɗari shida da tamanin da biyu." Radhamés ya lumshe ido kamar wanda ake yi wa fifita. Sau goma sha ɗaya ya sa ta maimaita a ranar, har Don Sixto ya aiko a tambaya ko makin nan ya maƙale ne.

Mataki na biyu shi ne cika katin. Iyakarsa peso dubu tamanin, shi kuwa ba shi da abin da zai saya na dubu tamanin, balle abin biya. Sai ya fito da dabara. Ya manna takarda a ƙofa: duk mai sayayya a unguwa ya zo a biya masa da katin Lisensiyado, ya kawo tsabar kuɗin kafin sha ɗaya ga wata. Ka san mutanen unguwarmu da son banza. Kafin azahar an yi layi, ba na aski ba.

Chelo ya sayi tayoyi biyu. Wata maƙwabciya mai suna Amparo ta ɗauki firji. Surukin Chelo ya sayi ƙaton alade na bikin baftismar jikarsa. Can sai ga Don Sixto da kansa, mai shekara tamanin da ɗaya, yana dogara sanda.

Ya ce, "Yaro, akwatin gawa nake so. Na san 'ya'yana, in na bar musu zaɓi a kwalin firji za su binne ni. Mai hannun tagulla nake so, da katifa a ciki."

Radhamés ya raka shi da kansa, yana tafe yana kaɗa katin. Don Sixto ya gwada akwati uku, ya kwanta a na huɗu ya ce wannan bai matse masa kafaɗa ba. Aka zura katin a na'ura, na'ura ta ƙi. Aka sake, ta ƙi. Sai wayar Radhamés ta yi ƙara, wata ma'aikaciyar banki ce.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mun dakatar da katinka ne. Mun ga an sayi tayoyi da firji da alade, yanzu kuma ana neman akwatin gawa, duk a yini ɗaya. Muna zaton sace shi aka yi."

Radhamés ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji. "Kun ji ko? Sun tsorata! 'Yan mata, ba ɓarawo ba ne, attajiri ne. Ki gaya wa manajanku ya saba da gani."

"To aladen da akwatin duk naka ne?"

"Nawa ne. Ina ruwanki da yadda nake cin duniyata?"

Don Sixto ya ɗago kai daga cikin akwatin ya ce a yi sauri, bayansa ya fara sanyi.

Aka buɗe katin, aka biya. Da yamma Radhamés ya duba, peso dubu saba'in da tara da ɗari tara ne a kai. Saura ɗari ɗaya cif ya cika. Ya nuna wa 'yan acaɓa, ya ce wannan shi ake kira aski da reza, ka kai gab da fata ba ka fitar da jini ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne masu akwati adireshin mai kati suke bi. Ranar Talata da safe, yana can bayan gida yana wanka, motarsu ta tsaya a ƙofar shagon aski. Ƙarti huɗu suka sauke akwatin, suka jingina shi da gilashi, da takarda a manne: Radhamés Ogando. Kafin rabin sa'a labari ya gama unguwa. Mata suka fito da baƙaƙen ɗankwali. Amparo mai firji ta fi kowa kuka, amma a tsakiyar kukan tana tambaya ko in mai kati ya mutu bashin ya bi shi. Nicanor mai gidan caca kuwa ya iso da igiyar awo, ya cire hula ya yi alamar gicciye, sannan ya durƙusa ya fara auna faɗin ƙofa.

Ana cikin haka sai ga marigayi ya shawo kwana yana fito, da tawul a wuya. Mata suka watse da ihu. Wata ta yar da tukunyar kofi da ta kawo na zaman makoki.

Radhamés ya daka tsawa, "Nicanor! Me kake aunawa a shagona?"

Nicanor ya miƙe yana naɗe igiyarsa a hankali. "Au, ba ka mutu ba? To sannu. Awon dai ba zai lalace ba, ƙarshen wata ai kamar gobe ne."

"Sai dai ka auna kabarinka!"

"Ni ban saya ba tukuna, Lisensiyado. Kai ne mai shiri."

Da ƙyar aka kai akwatin kantin Don Sixto, inda ya ajiye shi bayan buhunan shinkafa yana zuba albasa a ciki kafin lokaci ya yi.

Karɓar kuɗi kuma ta zama wani yaƙin. Chelo ya kawo nasa a cikin safa, duk tsaba, sai da aka yi awa biyu ana ƙirgawa a kan kujerar aski. Amparo ta ce firjin yana wani gurnani da dare, don haka a rage mata dubu biyu. Surukin Chelo ya kawo rabin kuɗi da cinyar alade ɗaya, ya ce ai nama ma kuɗi ne. Don Sixto kaɗai ya biya cif, yana cewa ba ya son a tashe shi a lahira saboda bashin mai aski. Sai da Radhamés ya kai sarƙar wuyansa ta zinariya shagon jingina kafin kuɗin su cika. Ya ce wa masu tambaya wanki ya kai ta.

Duk da haka, ranar sha ɗaya ga wata da la'asar kuɗin suna hannunsa, dubu saba'in da tara da ɗari tara, a cikin jakar leda. Banki kuwa bai rufe ba, tafiyar minti goma ce. Yuderka ta baro tukunyarta a kan wuta ta zo shago da kanta, abin da ba ta saba yi ba.

Ta ce, "Radhamés, don girman Allah ka kai kuɗin nan yau. Gobe sha biyu. Shagon nan shi ne cinmu, shi ne shanmu. In hoton ya fita da katin a cike, babu wani hoton sai sha biyu ga watan gobe, Doña Fidelina kuwa tana Boston a lokacin."

Da su biyu ne kawai, wataƙila da ya ji. Amma akwai mutum shida a benci, duk sun kasa kunne.

Ya ce, "Kun ji mata ko? Tsoro kamar farar kura. In na biya yau, yaushe za su ga katin a cike su san da wa suke yi? Sai na bar ranar yankan tasu ta wuce, in nuna musu ban ji tsoro ba. Jibi zan biya. Ko a hakan na riga ranar biya da kwana goma sha tara. Wa ya taɓa yi musu haka?"

Yuderka ta dube shi, ta dubi jakar ledar, ta dubi madubin da suka saya tare shekarar da suka yi aure. Ta juya ta fita, amma ba gida ta nufa ba, Chelo ta tsayar ya ɗauke ta a babur.

Sha biyu ga wata ta zo ta wuce. Radhamés ya yi ta fito da katin yana nuna wa mutane. "Ga shi nan lafiya lau. Ina yankan?" Ranar sha uku ya sa takalmi mai tsini ya tafi banki, ya juye ledar a gaban mai karɓar kuɗi, har da tsabar Chelo.

Yarinyar ta ƙirga ta ce, "Sun shiga, ranka ya daɗe. Sai dai an riga an yanka jiya, kuma ina ganin akwai sauran..."

"Babu sauran komai, 'yata. Ki gaida manaja, ki ce Lisensiyado ya zo ya tafi."

Ranar ashirin ga wata ta faɗo Asabar. Radhamés ya ce ba a ofis za a duba makinsa ba kamar na kowa, a bainar jama'a za a yi. Ya jera kujerun roba a ƙofar shago, ya karɓo giya akwati biyu a kantin Don Sixto, aka gasa cinyar aladen nan. Ya gayyaci Doña Fidelina, ya gayyaci Nicanor don ya ga abin da zai hana shi barci, ya kuma lallashi Don Plinio ya zo a gyara masa suma kyauta. Tun ranar sha uku bai bar Idon Mikiya ta yi magana ba, wai kada a ɗanɗana miya kafin baƙi su zo.

Don Plinio ya zauna a kujera yana gargaɗi. "Gefe-gefe kawai, Radhamés. Saman nan kada ka taɓa min shi."

"Kwantar da hankalinka. Chelo, ƙure sifikar nan, har Nicanor ya ji da kunnensa na hagu, wanda ba ya ji sosai in ana maganar biyan masu cin caca."

Ya kunna injin aski da hannun dama, ya ɗora shi a gefen kan Don Plinio, ya danna waya da hagu. Ƙaho ya busa har gilashi yana rawa.

Muryar ta ce, da zaƙinta na kullum, "Barka da rana, mai girma Radhamés Ogando. Akwai sabon rahoto. Bankinka ya sanar cewa ranar sha biyu ga wata katinka ya wuce iyakarsa. Makinka ya sauka da ɗari da goma sha ɗaya. Makinka yanzu ɗari biyar da saba'in da ɗaya."

Hannun Radhamés ya zarce. Injin ya tashi daga kunnen Don Plinio, ya haye tsakiyar kai, ya sauka a gaban goshi, ya bar fili fari tas mai faɗin yatsa uku. Sumar da aka yi shekaru ana shafa wa mai ta zubo a kan tawul.

Muryar ba ta gama ba. "Muna kuma godiya da biyan kuɗin tsarin Zinariya, peso dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in, wanda muka cira daga katinka ranar sha biyu ga wata, bayan kwana bakwai na kyauta. Idon Mikiya, ba ma barci!"

Chelo ne ya fara faɗuwa daga kan benci. "Mai gadin ne ya yi satar! Lisensiyado, ka ce na kyauta barci yake yi, ai gara mai barcin!"

Dariya ta ɓarke har rumfar 'yan acaɓa. Amparo tana share hawaye tana cewa wannan ya fi ranar mutuwarsa daɗi. Don Sixto ya ɗaga sanda ya ce in ana buƙatar akwatin yau, zai iya kwashe albasar.

Radhamés yana ta danna waya yana ihu. "Ƙarya ne! Kuskure ne! Na biya! Ga rasit! Ba su yanke katin ba, ga shi a aljihuna!" Garin dannawa ya sake taɓa maɓallin, ƙaho ya sake busawa, matar ta sake karanta komai daga farko.

Don Plinio kuwa madubi yake kallo. Ya ɗaga hannu a hankali ya shafa titin da aka shimfiɗa masa a ka, sannan ya juyo.

Ya ce, "Ranar da ka zo ofis, abin da na so gaya maka ke nan, ka ce in ba mabuƙata. Hoton ranar yanka suke aikawa, ba na ranar biya ba. Ko yaron da ya karɓi kati jiya ya san wannan. Da ɗari biyar da saba'in da ɗaya, ko rancen sayen tsintsiya ba zan ba ka ba."

"Don Plinio, a sake dubawa mana! Yanzu ai katin babu komai a kai!"

"Za a sake. Sha biyu ga watan gobe. Kafin nan wataƙila gashina ma ya fara tsirowa."

Nicanor ya ajiye kwalbarsa, ya goge baki, ya zaro igiyar awo daga aljihu ya ɗora a kan tebur. Ya ce, "Doña Fidelina, ina ganin ba sai mun jira ƙarshen wata ba." Tsohuwar ta dubi Radhamés da ɗan tausayi, irin wanda ake yi wa kare da ya faɗa rijiya garin haushi, ta fara miƙa wa Nicanor hannu. Radhamés ya dubi kujerarsa da madubinsa, ya zauna a kan akwatin giya.

"Doña, dakata."

Yuderka ce, da tiren alawa a hannu ɗaya, da ambulan a ɗayan. Ta ajiye tiren ta miƙa wa tsohuwar ambulan ɗin.

Ta ce, "Tun ranar sha ɗaya na kai takarduna ƙungiya. Jiya suka amince. Don Plinio, ko ba haka ba?"

Don Plinio ya ce, yana rufe kansa da tawul, "Haka ne. Ɗari bakwai da sittin da huɗu. Shekara shida tana biyan katinta ranar goma ga wata, ko sau ɗaya ba ta kuskure ba."

Chelo ya ce, "Wane katin? Na gishiri da ashana?"

Yuderka ta ce, "Shi fa."

Doña Fidelina ta janye hannunta daga wajen Nicanor ta rungume Yuderka. Nicanor ya ɗauki igiyarsa, ya ɗauki wata kwalbar don kada zuwansa ya tashi a banza, ya tafi.

Kafin mako biyu an kankare "Lisensiyado" daga gilashin ƙofa, an rubuta "Alawar Yuderka". Gaban shagon ya zama na katakon jera alawa, kujerar aski kuwa aka tura ta can ciki, kusa da ƙofar bayi. Yuderka ta yanka wa mijinta kuɗin haya daidai da wanda yake ba Doña Fidelina, ta rubuta a takarda ta manna masa a madubi: "Ranar yanka, sha biyu ga wata."

Kana zaton ya yi laushi? Ina! Gwano ba ya jin warin jikinsa. Kafin wata ya ƙare ya fara gaya wa masu aski cewa duk tsarinsa ne, da gangan ya karkatar da hankalin banki zuwa kansa don matarsa ta wuce ta bayan fage. Da Chelo ya nuna masa takardar madubi ya ce sha biyu fa ta kusa, sai ya yi tsaki.

"Kompai, matata ce. Barazana ce kawai."

Sha biyu ta zo ta wuce bai biya ba. Ranar sha uku da safe Chelo yana kan kujera, an aske masa rabin kai, Radhamés yana tsakiyar bayanin yadda ake juya mata da banki, sai injin ya yi shiru a hannunsa. Fanka ta tsaya, sifika ta mutu. Ya leƙa waje, ga wuta a kantin Don Sixto, ga ta a gidan cacar Nicanor, ga ta ma a cikin katakon alawa, taku huɗu daga inda yake tsaye.

Yuderka tana bayan katakon, wayar da ke kai wuta ɓangarensa tana naɗe a hannunta.

Ya ce, "Haba Yuderka! Kwana ɗaya tak? Ko masu wuta ai suna ɗaga ƙafa!"

Ta ce, "Ka ce yanka yanka ne. To tawa irin ta masu wuta ce, sai dai ni ba sai na hau falwaya ba."

Ta saka wayar a aljihun rigarta, ta juya ta tambayi mai sayen alawa ko guda nawa za a ƙulla masa.